Rediyon Baba Ya Yi Shiru, Kuma Ni Ce Sila

Kawu, don Allah ka taimake ni, na rasa inda zan sa kaina. Ban saba kai kukana ga kowa ba, amma yau kwana tara ke nan ina cin abinci ba na jin ɗanɗanonsa.

Mahaifinmu tsohon direban babbar mota ne. Shekara huɗu da suka wuce idonsa ya rufe, bayan shekara guda mahaifiyarmu ta rasu. Ni ce auta, ni kaɗai na rage a gabansa. Abin da ke ɗebe masa kewa shi ne kayan sautin da ya saya tun yana saurayi: garmaho mai juya faifai, abin kaset, lasifika biyu da tsayinsu ya kai ƙuguna, sai uwarsu duka, wani akwati mai jikin katako da ke kama tashoshin rediyo yana kuma tura sauti cikin lasifikun. Risiba masu gyara ke ce mata. Tun muna yara doka ɗaya ce a falonmu, ka fasa kofi a yafe maka, ka taɓa risibar Baba jikinka ya gaya maka. Yanzu da ba ya gani, da yatsa ya san kowane maɓalli, kuma kullum da safe shi ke goge ta gaba da baya da wani tsohon hankici.

To kwanakin baya tsufa ya kama ta. In ya murɗa abin ƙara murya sai ta yi ta ƙarar tsatsa, lasifikar hagu ta ɗauke, sai ya bubbuga ta dawo. Bai taɓa yin ƙorafi ba, ni ce abin ya dama. Na ɗauki hotonta a waya na kai wa wani mai gyara. Ya ce ɓangaren da ke karɓar sauti ya daidaita shi ne ya gaji, ɓangaren ƙarfi kuwa garau yake. Ya sayar mini da wani ƙaramin akwati da ya kira firiyam, wai shi zai karɓi aikin wanda ya gaji. Ya yi mini bayani da sauri, ni kuma kunyar a ce ban gane ba ta sa nake ta gyaɗa kai kamar ƙadangaruwa, na fito ban riƙe komai ba.

Ranar da yayana ya kai Baba ganin likita na juya risibar. Ramuka ne birjik a bayanta. Na zare wayar garmaho daga ramin da aka rubuta Phono, na cusa ta sabon akwatin a nan, na kunna. Kawu, ƙarar da ta tashi sai da maƙwabciyarmu ta leƙo. Na kashe nan take. A nan idona ya kai kan wasu ’yan ƙarafa biyu lanƙwasassu, kowane ya haɗa rami biyu. Na ce lallai su suka haɗa wuta, na fizge su na jefa a jakata. Na mayar da wayoyi yadda na same su, na ɓoye sabon akwatin a ƙarƙashin gadona. Da na sake kunnawa fitila ta kama, allurar da ke fuskar risibar na motsi, amma ko tari babu. Garin neman ƙiba na samo rama.

Da Baba ya dawo ya murɗa ya ji shiru, na ce masa wuta aka kawo da ƙarfi ta ƙone ta. Ban taɓa yi masa ƙarya ba sai ranar. Bai ce komai ba, kuma shirun nan shi ke cina. Har yau yana goge ta da safe, ya kunna, ya murɗa, ya zauna hannunsa a kanta. Abincinsa ya ragu, tsokanar da yake mini in na dawo aiki ya daina. Yayana ya kawo masa wata ’yar lasifikar zamani da ake haɗawa da waya, ya shafa ta ya nemi abin murɗawa bai samu ba, ya miƙa masa abarsa. Na koma wurin mai gyaran sau uku shagon a rufe, an ce ya yi tafiya.

Na ƙone ta ne? In ta ƙone, da wane baki zan gaya masa? In kuma tana gyaruwa, akwai yadda zan haɗa akwatin nan a ɓoye, ya wayi gari ya ji tana magana ba tare da ya san na taɓa ba?

Autar Baba

Amsa

’Yata, share hawayenki. Yadda kika kwatanta, da wuya in kin ƙone wani abu.

Ramin Phono na allurar garmaho ne, mai raunin murya ƙwarai, shi ya sa ake ninka duk abin da ya shiga nan. Kin zuba masa sauti mai ƙarfi, dole ya yi kururuwa. ’Yan ƙarafan nan kuwa gada ce tsakanin ɓangaren da ya gaji da ɓangaren ƙarfi. Kin cire gada, sauti ya rasa hanyar wucewa, shi ne shirun. Abin dariyar ma, duk mai son haɗa firiyam sai ya cire su, kin yi rabin aikin ba ki sani ba. Adana su, kada su ɓace.

Ki zare komai daga wuta tukuna. Inda kika cire ƙarafan za ki ga ramukan da aka rubuta Main In, nan wayar da ta fito daga firiyam za ta shiga, ja a dama, fari a hagu. Garmaho da kaset su koma jikin firiyam, har da siririyar wayar garmaho da ake ɗaurewa a jikin ƙusa, in ba haka ba za ki ji gunji. Rediyo kuma ki ja masa waya daga ramin risibar da aka rubuta Tape Out zuwa firiyam. Ki rage murya har ƙasa, ki kunna firiyam da farko, risiba daga baya. In kin ji ƙauri ki kashe nan take, ki nemi wani mai gyaran ya zo gida.

Batun ɓoyewa kuwa ba zai yiwu ba. Da zarar kin haɗa, tsohon maɓallin ƙara murya ya yi ritaya, Baba zai murɗa shi har ƙarshe ba abin da zai canza. Sai an kama hannunsa an nuna masa sabon. In ma kika mayar da ƙarafan kawai, tsohuwar ƙarar za ta dawo, ƙaryar wuta ta tonu.

Niyyarki kyakkyawa ce, ban ga laifin ’yar da ta ƙi jure ganin ubanta yana bubbuga rediyo ba. Amma ki duba ta ɓangarensa. Mutumin da komai sai an yi masa, risibar nan kaɗai ta rage wadda shi ke mulkinta, aka shiga ba sallama. Kuma wanda ke shafa bayanta kullum da safe, kina zaton yatsunsa ba su ji ramuka huɗu sun zama wayam ba? Ina kyautata zaton tun washegari ya sani. Ba rediyon kaɗai yake jira ya yi magana ba.

Gobe kafin ki tafi aiki ki durƙusa gabansa, ki sa masa ƙarafan nan a tafin hannu, ki faɗi abin da kika yi. In ya yi faɗa ki shanye, hakkinsa ne. Sannan ki ɗauko akwatin daga ƙarƙashin gado, ki tambaye shi ko ya yarda a haɗa. In ya yarda, ke ki karanta rubutun, shi ya cusa wayar da hannunsa.

Allah ya ƙara masa lafiya, ya yi miki albarka, ya sa ki ji tsokanarsa kafin ki ji rediyon.

Kawu