Inna tana fushi da Yaya, ba ta san ya rasu ba

Assalamu alaikum 'yan gidan nan, admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi zuciyata tafasa take.

Yayana soja ne, matuƙin jirgi mai saukar ungulu. A daminar nan jirginsu ya faɗi a bakin daga, can aka binne shi, ko gawarsa ba mu gani ba. Mahaifiyarmu Inna tana nan Gashuwa tare da ni, tana fama da hawan jini, ɓarin jikinta ya shanye. Baffanmu, ƙanen marigayi babanmu, shi ya yanke hukunci wai kada a faɗa mata, wai zuciyarta ba za ta ɗauka ba. A gidansa na Nguru aka yi zaman makoki, aka ɗauke rediyon Inna aka ce ta lalace, duk matar da ta zo dubiya tun daga zaure ake ja mata kunne. Ni kuka ma sai a banɗaki nake yi.

Yaya mutum ne da bai taɓa bari Juma'a ta wuce bai kira ta ba. Ya taɓa ce mata duk jirgin da ta ji ya wuce ta ɗaga hannu, wataƙila shi ne. Ko tana kwance ta ji ƙara sai ta ce in fitar da ita tsakar gida. Yanzu ni ce mai cewa ba netwok a inda yake, ni ce mai sayo kifin banda in ce shi ya aiko. Matarsa tana takaba a Nguru, Inna kuwa cewa take yarinyar ta raina ta.

Shekaranjiya jirgi ya wuce, na zo zan ɗaga ta, ta ture hannuna. Ta ce ɗan da ya manta da uwarsa tana kwance ya je can da jirginsa, ita ba ta yafe ba. Innalillahi! Mutumin da ke kabari, addu'arta yake buƙata.

Na kira Baffa ina ihu, ya ce ba ni da kunya, kuma in na buɗe baki wani abu ya same ta, ni na kashe ta. Haba jama'a! Shi yana Nguru hankalinsa kwance, ni ce ke kallon idonta ina ƙarya safe da yamma.

Ina tsoron in faɗa ta faɗi, ina tsoron in yi shiru ta koma ga Allah da fushin Yaya a ranta. Yau da safe ta ce ko ya kira kada in ba ta wayar. Ku faɗa min, in gaya mata ko in bar ta?