Taswirar da Ba Ta San Gada Ba

Litinin, 3 ga Maris

Auta ta sake tayar da maganar makullin mota. Wai tunda na ɓata a hanyar asibiti ranar Alhamis, gara in haƙura da tuƙi. Ni da na yi shekara talatin da ɗaya ina jan motar ma'aikata, ko kaza ban taɓa takawa ba! Na ce mata laifin taswirar jikin motar ne. Tun da aka ƙera ta ba a sabunta ta ba, ba ta ma san an yi sabuwar gada ba. In na hau gadar sai allon ya nuna ina tafiya a kan ruwa.

Laraba, 5 ga Maris

Ta ce in koma bin taswirar waya. "Baba, ita ta san cunkoso, ta san hanyar da aka rufe." Abin da ba ta faɗa ba shi ne wayar za ta riƙa nuna mata duk inda nake. Yarinyar da ni na koya wa ribas.

Asabar, 8 ga Maris

Na gwada ta wayar ni kaɗai, don kada a ce na ƙi. Surutu ba kai ba gindi. Rubutu mitsi-mitsi, kira na shigowa hanya ta ɓace. Ta cusa ni wani lungu da madubi ke gogar katanga, wai don in rage minti biyu. Me zan yi da minti biyu? Ta motar allonta babba, ba ta neman caji, kuma ba ta kai rahotona gida.

Talata, 11 ga Maris

Na wanke mota da kaina. Ban je ko'ina ba.

Alhamis, 13 ga Maris

Na kai motar wurin mai gyaran wutar mota ya sabunta taswirar, in kashe bakin kowa. Yana danne-danne sai ya ce, "Baba, ai tana ajiye duk wurin da aka ce ta kai mutum, har da kwanan wata." Ya nuna mini jerin. Na ƙarshe tun watan Janairu ne.

Na ce ya sake dubawa. Ya sake.

Ke nan ranar da na ɓata ban tambaye ta hanya ba. Me zai sa in tambaya? Shekara ashirin ina bin hanyar asibitin nan.

Lahadi, 16 ga Maris

Na tuna yanzu. A mahaɗar gidan mai ne. Na tsaya, ana ta yi mini hon, ni kuwa ban san ko dama ba ce ko hagu. Allon a kashe yake. Ban gaya wa kowa ba. Tsoro nake ji, wannan ita ce gaskiya.

Juma'a, 21 ga Maris

Na ce Auta ta kai ni wurin likita, rana na damun idona. Ta kunna taswirar wayarta, wayar ta yi ta zuba har muka isa. Kujerar gefe tana da daɗin miƙe ƙafa, ban taɓa lura ba.

Da muka dawo ta miƙo mini makullin. Na ce ta sa a jakarta tukuna, hannuna da kaya. Ta dubi hannun, babu komai a cikinsa. Ta ce, "To, Baba."