Ƙorafi Kan Ɗauke Fijon Marigayi Damji

Daga: Hasmukh Kanabar, malamin tarihi,
Bene na huɗu, Gida mai lamba 17,
Layin Mkungu, Mombasa.
4 ga Maris, 2019.

Zuwa ga: Mai Girma Jami'in Tsabtar Tituna,
Ofishin Unguwa.

Game da: Baƙar mota ƙirar Fijo da ma'aikatanka suka janye daga layinmu

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman izinin gabatar da koke kamar haka:

1. Ranar Talata, 26 ga Fabrairu, da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, ma'aikatanka suka janye motar maƙwabcinmu marigayi Damji Vithlani, suka rubuta cewa ba ta da amfani. Gaskiya ne shekara goma sha tara ba ta motsa ba, kuma ba ta da taya. Amma na san mutane masu irin wannan tarihin aiki da aka yi wa ƙarin girma.

2. Kakanninmu sun gina layin nan shago a ƙasa, iyali a sama. Duk ɗan da ya yi aure sai a ɗora masa bene, har rana ta daina shigowa kusan ko'ina sai tsakiyar titi. A kan rufin motar nan da bonet ɗinta matan gidaje shida ke shanya papad, siririyar wainar garin waken da ba ma ajiye wa baƙo abinci sai da ita. Baƙin ƙarfe yana riƙe zafi. Ranar da aka janye ta akwai papad ɗari da arba'in a kanta. Mun ga suna faɗuwa ɗai-ɗai har shataletale.

3. Ɗaki ɗaya ne ya rage mai samun rana a layin, wato ɗakin karatuna. Matata Induben ta ba da shi don shanya papad ba tare da an tuntuɓe ni ba. Yanzu mata goma sha ɗaya ne a ciki kullum, da muciyoyinsu da labarin surukansu. An shimfiɗa zannuwa a kan teburina da kundin digirina. Da na yi magana, Induben ta ce littattafan nan shekara ashirin ba su ciyar da kowa ba, in bar su su ga yadda aiki yake. Gwaggona Shantaben, mai shekara tamanin, ta ƙara da cewa tun ina yaro ba ni da amfani a ranar biki, in matsa ina tare musu haske.

4. Ina gyara jarrabawar ɗalibai a kan matakala.

5. Ranar 23 ga wannan wata za a aurar da 'yar wana, ana bukatar papad dubu biyu, ga damina ta kusa. An sanar da ni cewa idan ba a kammala ba, gadona ne na gaba.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma ya sa a dawo da motar gurbinta kafin ƙarshen mako. Idan an riga an sayar wa 'yan gwangwan, za mu karɓi kowace mota, muddin baƙa ce mai faɗin rufi kuma babu fargabar za ta tashi. Na lura akwai guda a harabar ofishinka, mai tambarin hukuma, da ciyawa ta fito ta ƙarƙashinta. Matan sun je sun auna ta jiya, sun ce ta yi.

Ka huta lafiya, tare da ladabi da biyayya.

Naka mai jiran amsa a kan matakala,
Hasmukh Kanabar