Tagar da Na Bari da Duhu

Litinin, 13 ga Janairu

An ga Eilif. Wani direban motar kifi ne ya faɗa wa maƙwabcina Torleif, wai a garin Mehamn, yana gyaran kifi a kamfani, ya rame, yana tari. Wai. Hunturu biyu ke nan da "wai" nake kwana, da ita nake tashi.

Ɗana ɗaya tilo. Tun ranar da jirginsu ya kife shi da abokinsa Audun, aka tsamo shi shi kaɗai, ya kasa haɗa ido da kowa a ƙauyen nan. Babu wanda ya ɗora masa laifi, har uwar Audun. Ya ɗauki jaka ya fice. Na bi shi har ƙofa na ce fitilar tagar nan ba za ta mutu ba sai ya dawo. Kowa na kunna tasa in nasa yana teku, amma tawa ko da rani ba ta huta ba.

Gobe zan ɗauki mota. Torleif ya ce, "Ke Gudveig? Ke da ko kanti za ki sai kin daki shingena?" Na ce ya ji da ƙugunsa. Tsohon kawai. Ya dai zo ya duba min tayoyi.

Talata, 14 ga Janairu

Na tsiyaye ruwan famfo, na sauka ɗakin ƙasa na kashe wutar gidan daga uwarta, babban makunnin, yadda marigayi mijina ya saba in za mu kwana a waje, na kulle ƙofa. Hannuna ne ya yi komai, hankalina yana Mehamn.

Hanyar nan za ta haukata ni. Ga fitilun gari can ƙetaren ruwa kamar in miƙa hannu, amma sai na zagaye duk lungun tekun kafin in isa, in na isa kuma ga wani lungun. Dutse a dama, ruwa a hagu, duhu ta ko'ina, don a nan rana ba ta fitowa da hunturu. Da tsakar rana sama ta ɗan yi shuɗi, kafin in gama kofin fulas ta sake rufewa.

Laraba, 15 ga Janairu

Mehamn. Ya bar nan tun kafin Kirsimeti.

Shugabar masu gyaran kifin ta zaunar da ni ta ba ni kofi. Ta ce yaron kirki ne, ba ya magana. "In an tashi aiki sai ya je bakin kwatar jirage ya tsaya yana kallon ruwa, ya daɗe." Da ta yi shiru da bakinta ai da ya fi min. Ta ce in gwada Berlevag.

Na kasa cin komai.

Alhamis, 16 ga Janairu

An rufe hanya. Iska. Yana kallon ruwa, ya daɗe.

Juma'a, 17 ga Janairu

An buɗe ta kan dutsen Ifjord, amma sai a ayari, bayan motar share ƙanƙara. Direbanta, wani mai jan gemu, ya bi mu mota mota yana ƙirgawa. Ya leƙo tagata: "Baiwar Allah, ki bi jar fitilar na gabanki. Ba tsayawa, ba juyawa, ba fitowa, ko me kika gani." Na ce tun yana cikin zanin goyo nake bin ayari. Ƙarya ce, marigayi ne ke tuƙi ni ina rufe ido.

Na ƙetare. Har yanzu yatsuna sun ƙi miƙewa.

Asabar, 18 ga Janairu

Berlevag, babu. Na nuna hotonsa a kanti, a gidan mai, a kwata. Wani ya ce, "Babban mutum ne fa, in yana son a same shi ai da an same shi." Na wanke shi tas a gaban abokansa, sannan na koma mota na yi kuka har gilashi ya yi hazo.

Tsoro nake ji. Bari in rubuta ko zai rage nauyi: ina tsoron wata rana ya gaji da kallon ruwan ya bi Audun.

Lahadi, 19 ga Janairu

Batsfjord. Ina cikin shan miya Torleif ya kira.

Eilif ya je gida.

Jiya da yamma wata mota ta sauke shi. Torleif ya hango shi ta taga, tsaye a bakin shingena da jakarsa. Kafin ya lalubo sanda da takalmi, yaron ya juya ya kama hanya. Ko ƙofar bai taɓa ba.

Na ce don me? Don me zai juya? Torleif ya ce, "Gudveig, gidanki baƙi ƙirin yake."

Wayyo ni. Uwar wuta. Ni da hannuna. Hunturu biyu ban bar fitilar ta ƙifta ba, sai ranar da ya zo. Me zai ɗauka? Ko na mutu, ko na gaji da jira. Kuma na san wanda zai zaɓa ya yarda da shi.

Na ce Torleif ya fasa gilashin ƙofa ya shiga. Ya fasa. Amma tsanin ɗakin ƙasa ya fi ƙarfin ƙugunsa, ƙauyenmu kuwa ƙaramin cikinmu ya haura sittin. Ya rataya tocilansa a tagar. Ya ce sanyi zai cinye batirin kafin safe, amma dai.

Litinin, 20 ga Janairu

Bakin shingen da ke tare hanyar dutsen Ifjord tun safe. An hana wucewa. Na roƙi mai jan gemu, na zage shi, na sake roƙonsa. Ya miƙo min burodi da cuku. Tocilan ya mutu, in ji Torleif.

Talata, 21 ga Janairu

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Da hantsi aka ce za a wuce. Ayarin wancan ɓangaren ya fara saukowa, muna jere muna kallonsu suna wuce mu. Sai ga wata babbar motar kifi, fara. A kujerar gefen direba wani ya jingina kai da gilashi, da hular nan mai ruwan toka da na saƙa da hannuna. Shi ne. Ko a cikin mutum dubu na san wuyan ɗana.

Na danne oda, iska ta haɗiye ƙarar. Bai ɗago ba. Motar ta wuce.

Na riga na fara murza sitiyari zan juya. Mai jan gemu ya ɗaga shinge yana yi mana hannu. In na bi su, babbar mota ta fi ni gudu, a Tana kuma hanya ta rabu, ban san wadda za su ɗauka ba. In ma na cim masa, in ce masa me? Mantuwa na yi? Ga tagar can har yanzu da duhu.

Na sauke gilashi na ƙwala wa mai gemu kira. Na ce ai suna magana da direbobin manyan motoci ta rediyo, ya gaya wa na farar motar nan ya faɗa wa yaron da ke gefensa za a kunna. Ya ce, "Za a kunna me?" Na ce shi ya sani. Ya dube ni, ya gyaɗa kai.

Na bi jar fitilar na gabana. Ba tsayawa, ba juyawa. Rabin hanya ban san ko ƙanƙara ce ta hana ni gani ko hawaye ba.

Laraba, 22 ga Janairu

Gida. Ko rigar sanyi ban cire ba na sauka ɗakin ƙasa. Na kunna uwar wuta, fitilar ta kama.

Na toshe gilashin ƙofa da kwali. Torleif ya ce shi dai ba zai biya ba.

Juma'a, 24 ga Janairu

Shiru. Ban sani ba ko saƙon ya isa.

Rana ta leƙo ta bayan dutse yau, karon farko tun Nuwamba. Matan ƙauye sun gasa burodi mai zaƙi kamar kowace shekara, an kawo min, yana nan kan tebur. Torleif ya shigo da sabon "wai", wai an ga mai kama da shi a Vardo. Ya ce ko ya duba min tayoyi? Na ce motar ta gaji. Na ba shi makullin ya ajiye min, don kawai kada ya ɓata.

Lahadi, 26 ga Janairu

An yi sabuwar ƙanƙara. Da safe na ga sawu daga titi har bakin shinge, manya, ba na mai sanda ba. Sun tsaya daidai inda ake ganin taga. Daga nan suka gangara zuwa rumfar jirgin marigayi da ke bakin ruwa. Akwai hayaƙi a bututun murhunta.

Na sa takalmi ɗaya. Na zauna da ɗayan a hannu, ban san iya daɗewar da na yi ba. Na cire.

Ban je ba. Ni Gudveig, ban je ba. Ƙafata ce dai ke ciwo.

Ƙofa ba a kulle take ba. Na goge ƙwan fitilar, na ƙara ruwa a miya.