Wurin da Ban Bar wa Kowa Ba

Ni Mabruka 'yar Sadok, daga gaɓar tekun Gabes, da hankalina nake faɗin wannan, ɗana Lotfi yana rubutawa. Ƙafafu ne suka gaza, kai yana nan daram.

Na ɗaya. Gidan nan naku ne ku uku, Lotfi da Mongi da Najiba. Kada a tsaga shi da katanga. Ɗakina na Najiba ne, ita ta sha masifata a jinya.

Na biyu. Laujen da nake tonon kodin teku da shi na Wasila ne, matar Lotfi. Ta fi ku ido. Tun daga nesa take gane 'yan ramukan da kodi ke bari a laka idan ruwa ya janye.

Na uku, kuma don shi na tara ku. Shekara talatin kuna tambayata inda nake samo manyan kodi, ina yi muku dariya. Bakin magudana ne, bayan dabinai, inda ƙazantar gari ke shiga teku. Ita suke sha suna ƙiba. Uwata ta koya mini a kwanar da su cikin ruwan gishiri mai tsabta su tofar da datti, a matsa lemon tsami, shi ke nan. Yashi kawai suke tofarwa, 'ya'yana, cutar tana ciki. Wurin nan ban bar wa kowa ba. Idan hukuma ta rufe gaɓa, ku zauna a gida ko da dillali ya ninka farashi. Abin da ba za ku ba 'ya'yanku ba, kada ku sayar wa na wasu.

Na huɗu. Najiba, shekara biyu ba kya gaisawa da Wasila saboda ciwon shawara da ya kusa ɗauke 'yarki Salma. Kin ce ƙazantar girkinta ce. Tukunyarta ce, amma kodin ni na kawo, daga can. Mafi ƙiba na zaɓo, don ina son jikata. Da idon yarinyar ya yi rawaya likita ya tambaye ni abin da ta ci, na gane, kunya ta rufe mini baki. Wasila ta san wadda ta kawo. Ta sha zaginki, ba ta taɓa tona ni ba.

Ku yafe mini, ku biyu. Wasila ce za ta yi mini wanka, Najiba tana zuba mata ruwa.

Allah ya yi muku albarka, ya raya zuri'arku. Ku riƙe juna, kuskus ɗin Juma'a kuma a ci shi a kwano ɗaya.