Ɗan Kunnen Jar Akuya

Runka, Satumba

Zuwa ga ƙanena Yusha'u,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida iyali da mutanen Katsina. Sabis ɗin waya dai tunda aka yanke mana shiru, shi ya sa na ba Barau direba wannan takarda.

'Yan bindiga sun tafi da maigidana, baban Surayya. Suna yankan gero a gonar bakin daji aka zagaye su, shi da wasu mutanen gari. Wayar gidan ma tana aljihunsa. Ba kuka na zo yi maka ba, wannan na gama. Aiki zan ba ka.

Ka tuna da bazara kun zo kun saka wa dabbobi ɗan kunnen roba, ka tsaya ƙofar mai unguwa kana ta bayani, wai kowace dabba yanzu intanet ta san da ita? To jar akuyata da kuka saka wa, ita muka yanka da Babbar Salla. Ban yar da ɗan kunnen ba. Na kai wa Daudu baduku ya ɗinke shi cikin kambun maigidan. Yana damtsensa na hagu ranar da aka kama shi.

Ka buɗe kwamfutar taku ka faɗa mini inda yake.

Yayarka,
Marka

Katsina, Satumba

Yaya Marka,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya kuɓutar da maigidanki Malam Hashimu da duk waɗanda aka kama.

Na buɗe kwamfuta kamar yadda kika ce. Lambar akuyarki tana nan: mace, ja, Runka. Ƙarshen abin da aka rubuta shi ne ranar da na saka mata.

Yaya, ɗan kunnen nan ba shi da batir, ba ya kiran kowa. 'Yar ƙwayar da ke cikinsa lamba kawai ta riƙe. Sai an kawo shi kusa da na'urar karantawa, kamar tsawon hannu, ta tashe shi ya faɗi lambarsa, ita kuma ta tura intanet. Inda babu na'ura, da shi da maɓallin riga ɗaya ne. Na'urorinmu suna ƙofar kara, inda ake cinikin dabbobi, da wuraren yi musu allura, karar ma yanzu an rufe. A daji babu ko ɗaya.

Na so in rubuto miki wani abu daban. Ba ni da shi.

Ki gaida Surayya.

Ƙanenki,
Yusha'u

Runka, Disamba

Yusha'u,

Bayan gaisuwa. Ka ga na daɗe ban amsa ba, haushinka nake ji. Ashe duk wannan taro da turancin da kuka zuba mana, abin sai an kai masa na'ura har hanci? In ɓarawo zai kawo muku akuyar da kansa, meye amfaninku? Tun kana ƙarami haka kake, a aike ka gishiri ka dawo da bayani.

An sako biyu daga cikin waɗanda aka kama. Sun ce tun makon farko aka raba su, aka ware waɗanda suka iya shanu, har da maigidan. Ɗayansu ya ce ya ji harbi ta inda aka bi da maigidan, amma bai ga komai ba. A kan wannan "na ji" ɗin Badaru, wan maigidan, ya tara dangi. Wai a yi addu'a, in shiga takaba, a san yadda za a yi da gona. Na ce ba zan yi wa mutum takaba a kan ƙarar bindiga ba, a Runka wa bai ji ta ba? Ya ba ni zuwa bayan an gama sussuka.

Ka ci gaba da duba lambar. Ko ba ta da amfani, ita kaɗai nake da ita.

Marka

Katsina, Janairu

Yaya Marka,

Ina gaishe ki da fatan kina lafiya. Ki zauna kafin ki karanta.

An buɗe karar Batsari, an mai da na'ura ƙofa. Ranar kasuwar da ta wuce, lambar akuyarki ta fito. Ta shiga da hantsi tare da wasu shanu, ta fita bayan azahar. Ogana ya ga ina ta kallon allo ya tambaye ni ko lafiya. Na ce wata akuya ce da na sani.

Ga abin da na'ura ta sani: ɗan kunnen ya wuce ta ƙofar. Ba ta san ko a hannun wa yake ba. Tana iya yiwuwa sun sa Malam Hashimu ya koro musu shanu, tunda ana yin haka. Tana iya yiwuwa kuma wani ne ya ɗaura kambun, ko ya saye shi. Ina roƙonki kada ki ɗora abin da ya fi haka a kai. Kuma kada ki je Batsari, hanyar ba ta da kyau. Zan nemi izini in je da kaina.

Naki,
Yusha'u

Runka, Janairu

Yusha'u,

Ina gaisuwa. Na je.

Izininka ya yi ta zuwa a hankali. Na soya ƙuli-ƙuli, na hau bayan motar Barau, na shimfiɗa tire daidai ƙofar kara, kusa da ƙarfen naku mai karanta lamba. Wani mai gadi ya ce mata ba sa zama nan, na ce ya ɗauke ni in zai iya. Tun kafin shanun farko su shiga nake nan har aka ja ƙofa. Sallolina ma sai daga baya na rama.

Babu namijin da ya wuce ban kalle shi ba. Masu rawani har ido ma ban damu ba, ƙafa nake kallo. Ka san yadda yake jan ƙafar dama tunda garma ta sare shi, ko cikin mutum dubu zan gane shi. Bai zo ba. Na ce a raina, ai ba kowane mako za su aiko shi ba.

Maganar wani ya ɗaura kuwa, ka bar ta. Kambun nan a damtsensa aka ɗinke shi, ina tsaye, don tsohuwar igiyar tana zamewa. Ba ya wuce gwiwar hannu. Sai dai a yanka.

Na faɗa wa Badaru an ga alamar ƙanensa a Batsari, ya ce a ƙara jira. Surayya ta wanke wa babanta riguna.

Ka duba mini ranar da na zauna. Na san ba ta fito ba, amma ka tabbatar, sai in koma mako mai zuwa.

Yayarka,
Marka

Katsina, Janairu

Yaya,

Ina gaishe ki.

Na duba. Ta fito. Ta shiga da hantsi, ta fita bayan azahar, ranar da kike zaune a ƙofar. In shi bai wuce ba, to wani ne ya wuce da kambun.

Kada ki koma. Ina tafe Runka ranar Juma'a, ki bari in zo kafin ki yi magana da Badaru.

A kwamfuta har yanzu rubutun yana yadda yake: mace, ja, Runka, tana raye. Ban taɓa shi ba.

Ƙanenki,
Yusha'u