Baƙuwa Ta Haihu a Ɗakinki, Inna

Zuwa ga Innata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da roƙon Allah Ya yalwata miki makwanci. Na san ba za ki karanta wannan takarda ba. Ko da kina raye ma sai dai a karanta miki, ke da kika sha yi mini dariya lokacin da nake zuwa ajin yaƙi da jahilci, kina cewa me mace za ta yi da sawun kaji a kan takarda. To ga ranarsa ta zo. Ina da magana a ciki, kuma babu wanda na yarda da shi a gidan nan da zan gaya wa.

An yi sadakar arba'in ɗinki lafiya. Mutanenku na Kuyello sun zo su uku, ba su kwana ba. An karya masarar bayan gida, Baba Tanko ya zuba ta a rumbunsa, wai naki yana yoyo. Ban taɓa sanin yana yoyo ba, amma ƙanen Baba ne, na ƙyale shi. Gwaggo Asabe ta kwashe tukwanenki na madafa ta kai ɗakinta don kada ƙura ta ɓata su, in ji ta. Motocin soja suna nan suna wucewa ta bakin tasha suna yin kudu. Ruwa bai ɗauke ba tukuna.

Da niyyar kwana biyu na zo daga Kusasu. Yau kwanana goma sha ɗaya, kuma kyanwarki ce ta riƙe ni.

Baƙuwa ta haihu, Inna. A ɗakinki, cikin kwandon da kike tara audugar kaɗi. Tun ranar da aka fitar da ke babu wanda ya sake taka ɗakin, ta tagar nan ta baya take shiga. Da na tura ƙofa sai na ji wani siririn kuka kamar na 'yan tsaki. Su huɗu ne, idanunsu a rufe, cibiyarsu ba ta faɗi ba. Biyu baƙaƙe irinta, ɗaya mai ruwan toka, ɗaya kuma ƙarami mai farin wuya. Ita kuwa da ƙyar na gane ta. Ana ƙirga haƙarƙarinta. Suna ta rarrafe a cikinta, su kama wannan nono su saki, su kama wancan su saki, kukan bai tsaya ba. Na durƙusa na matsa mata nonon da yatsu biyu a hankali. Ta bar ni, ba ta ko yi gurnani ba. Ɗigo ɗaya ya fito a na ƙarshe, sauran babu komai.

Ke ce kika san irin wannan. Matan unguwar nan nawa suka shigo miki ta ƙofar baya da jarirai suna kuka, suka koma nono na zuba? Ni ban koya ba. Ban so in koya ba, kin kuma san dalili.

Na fara ba su madarar shanu a ludayi, suka shaƙe. Sai na murza audugarki kamar lagwani, in tsoma in sa musu a baki, suka kama tsotsa. Washegari duk suka yi zawo. Dudu, Bafulatanar nan da ke kawo miki nono daga rugar wajen Kakangi, ita ta ce in bar na shanu in koma na akuya, in ɗumama shi daidai ɗumin jiki, in fasa ɗan gwaiduwar ƙwai a ciki, kuma kada in kwantar da su rigingine kamar ɗan mutum, a kan cikinsu za su sha. Ta yi kuka da ta ga tabarmarki a naɗe. Jar akuyarki tana shayarwa, ita nake tatsa. Na lura uwar tana lasar gindinsu kafin su yi fitsari, to in ta gaji nakan jiƙa tsumma da ruwan ɗumi in shafa musu. Ina gasa dutse a murhu in naɗe da tsohon zanenki in sa a gefen kwandon, don ɗakin akwai sanyin damina. Yini nake a kansu, kafin in gama da na huɗu na farko ya soma neman ƙari.

Duk da haka mai farin wuyan ya mutu a kwana na huɗu. Tun safe ya ƙi kama audugar, jikinsa ya yi sanyi a tafin hannuna. Na binne shi a gindin zogalenki.

Ranar kasuwa na tari malamin dabbobi da ya zo yi wa shanu allura. Ya yi dariya har da riƙe ciki, wai shi gwamnati ba ta aiko shi don kyanwa ba. Amma da zai hau kekensa ya ce in ciyar da uwar, romo da kifi da ruwa mai yawa, wai yunwa ce ke kafar da nono, wani lokaci kuma ciwo, ko wani abin da ta ci.

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta tsaya mini a rai. Wani abin da ta ci.

Inna, a bayan ɗakinki, daidai ƙarƙashin tagar da take bi, na tarar da wani fasasshen kasko da busasshen tuwo a ciki, an barbaɗe shi da farin gari. Na sansana, warinsa irin na maganin da Baba Tanko ke fesa wa audugarsa ne. Na ɗauka na kai wa Gwaggo. Ko kallon kaskon ba ta yi ba ta ce na ɓeraye ne. Wane ɓera ne a ɗakin da kyanwa ke kwana? Me ya sa ba a ajiye shi a gindin rumbu ba, inda ɓerayen suke? In kuma ba ita ta ajiye ba, yaya aka yi ta san abin da ke ciki ba ta duba ba? Ban tambaye ta ba. Ita kuwa ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Ba ta kiran Baƙuwa da suna. Abin nan na uwarki, haka take cewa. Baba Tanko kuwa sau biyu yana ce mini in zuba su a buhu ya kai su daji in zai je gona, wai gida ya huta. Ya huta da me? Matar maƙwabcinmu ta leƙo yi mini gaisuwa, tana hango kwandon ta fizge ɗiyarta ta mayar bayanta, bakinta yana motsi. Shekaranjiya na je rijiya, na dawo na iske ƙofar a buɗe, alhali na san na ja ta. Na ƙirga su, ukun suna nan. Amma an matsar da dutsen ɗumin, kuma Baƙuwa tana kan bango, gashin bayanta a tsaye. Kowa na tambaya ya ce iska ce.

Yanzu ina ɗaure ƙofar da igiya, ƙullin da ni kaɗai na san yadda na yi shi. Ni nake tatsar akuyar, ni nake wanke ƙwaryar, ba na barin ta a tsakar gida. Kifin da nake saya a kasuwa a cikin zanena nake shigo da shi. Har Dudu, da ta kawo mini ƙwan zabi kyauta, sai da na fasa ɗaya na ba kaza na jira in ga abin da zai faru. Ba abin da ya faru. Na ji kunya, amma na san gobe ma haka zan yi.

Jiya da hantsi na tarar da kan tarwaɗa dafaffe a kan ganye, an ajiye a bakin ƙofar. Ban san wanda ya ajiye ba. Na ɗauka na jefa a masai. Da na fito sai na ga Gwaggo tsaye a bakin madafa tana kallona, hannunta da ludayin miya. Sai ta juya. Inna, kallon wanda aka kama ne ko kallon wanda aka wulaƙanta alherinsa? Na juya abin a raina har na gaji, ban gane ba. Abin da na gane shi ne na taɓa ganin irin wannan kallo sau ɗaya, a fuskarki.

Ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami.

Kin tuna haihuwata ta fari a Kusasu. Kwana uku nono bai zo sosai ba, yaron yana ta kuka. Uwar mijina ta sa aka tatsi ɗan abin da ya samu a ludayi, aka jefa tururuwa biyu. Ɗaya ta fita, ɗaya ta mutu a ciki. Nan take aka ce nonona ba shi da kyau, aka hana ni ba shi. Ba a tsaya nan ba. A bayan ɗaki, inda suke zaton ba na ji, suka ce ai ba mamaki, a nono ake shan maita, a dubi wadda ta shayar da ni. Suka ce Bagwariyar da ke shiga daji ita kaɗai tana tonon saiwa, wadda baƙar kyanwa ta biyo daga dajin har gida, tana yi mata magana da yarensu kyanwar tana amsawa. A cikin masu faɗa har da waɗanda kika yi wa magani.

Kika taho a ƙasa tun daga Birnin Gwari, rafi ya cika, zanenki jiƙe har gwiwa, da goran magani a hannu. Kika ce in sha safe da yamma, in bi da kunun kanwa mai zafi, in kuma sa yaron a ƙirji ko da babu komai, don tsotsa ke kiran nono. Kika ce tururuwa ko a ruwan randa aka jefa ta tana iya mutuwa.

Ban sha ba, Inna. Kina fita alwala na tuttular da shi a makwararar bayan ɗaki, na cika goran da ruwa. Kika dawo kika tambaye ni, na ce na sha. Kika ɗaga goran kika jijjiga, kika sake tambayata, na sake cewa na sha. Sai kika dube ni, kika ajiye shi. Da safe kika kama hanya ba ki karya ba. Aka ci gaba da ɗura wa yaron madarar shanu da ruwan rubutu. Bai kai arba'in ba.

Shekara guda da rabi ban tako gidan nan ba. Na ce miki aiki ne, na ce miki hanya ce. Ba ko ɗaya. Tsoronki nake ji, ina kuma tsoron kaina, don in gaskiya suka faɗa to abin yana cikin jikina. Har kika kwanta ciwo aka aiko, na ce sai an gama shuka.

Da zan iya, da na rubuta miki cewa yanzu zuciyata ta wanke tas. Ba na so in sake yi miki ƙarya. Ranar da na shiga ɗakin nan, kafin in ba 'yan kyanwar komai, sai da na zazzage tandunanki da ƙullin tsummokaranki ɗaya bayan ɗaya ina neman ƙanƙarar da ake cewa mayu suna ɓoyewa. Na sami saiwoyi da sassaƙe, da kanwa, da carbinki, da hular saƙa 'yar ƙarama wadda ba ki gama ba. Ta wa ce, Inna? Na san ta wa ce. Amma duk da haka, in Baƙuwa ta kafa mini idanun nan nata ba ta ƙiftawa, sai in ji bakina ya kama addu'a da kansa. An ce zato zunubi ne. Wanda ya shiga jini fa, da me ake fitar da shi?

Saiwoyin suna nan a gabana, iri bakwai. Ban san wacce ce ta nono ba. Na so in jiƙa ɗaya in ba Baƙuwa, na ji tsoron kada in kashe ta da hannuna bayan duk tsaron da nake yi.

Yau da safe na ga biyu daga cikin nonuwanta sun ɗan ciko. Mai ruwan tokan ya kama ɗaya, ya daɗe, yana tura ta da 'yan ƙafafunsa, ya saki ya yi barci ba kuka. Ban sani ba ko ƙoshi ne ko gajiya. Na dai ci gaba da audugar. Idonsa ɗaya ya buɗe, ɗayan bai buɗe ba.

Maigidana ya aiko in koma, ya kuma ce a gaya mini kada in kuskura in zo masa da kyanwar. Bai san ina da ciki wata uku ba. Babu wanda ya sani, ke ce ta farko. In na haihu za su sake kawo ludayi da tururuwa, wannan karon kuma babu mai tahowa da gora. Na yanke shawara ba zan miƙa musu nonon su gwada ba. Zan sa shi a ƙirji ko da babu komai, kamar yadda kika ce.

Na aika masa cewa sai 'yan kyanwar sun iya lasa da kansu. In na bar su a gidan nan yanzu, na san ba za su kwana uku ba.

Ki yafe mini, Inna, in ana yafewa daga inda kike. Zan tsaya haka, sun farka, madarar kuma ta huce sai na sake ɗumamawa. Allah Ya jiƙanki, Ya sa mutuwa hutu ce.

Ni ce 'yarki,
Laraba